Yatsun da Aka Ce In Goge

Ranar da Malam Haruna ya fara shigowa shagon nan har yau ba ta fita daga raina ba, kuma ita ce ta sa jiya na daka wa Sadiku tsawa har mai shayin ƙofa ya leƙo. Na san abin da kuka ce da na juya baya: tsohon nan ya fara rikicewa, a kan ɗan labulen bayan hoto yake neman cinye mutum ɗanye. To ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Sadiku, har da kai, saki fuskar nan haka, ba gaba nake yi da kai ba.

Ku da kuka zo kwanan nan ba ku san inda na fito ba. A Makarfi na koyi aikin hoto, a hannun marigayi Malam Garba mai hoto, Allah ya jiƙansa. A lokacin aikin hawa-hawa ne. Da shara da ɗiban ruwa ake farawa, daga nan a bar ka ka shiga ɗakin duhu kana wanke hotuna a ruwan magani kana shanyawa a igiya, sai an ga hankalinka sannan a yarda ka taɓa kyamara. Ni sai da warin maganin nan ya kama tufafina kaf kafin a ba ni ɗauka. Ku kuwa mutum ya zo da safe, kafin azahar ya iya danna kwamfuta, da la'asar yana kiran kansa oga.

Shi Malam Garba ya riski zamanin da ya fi nawa wahala, zamanin kyamarar akwati mai ƙafa uku. Ranar kasuwa yake kafa ta a inuwa, ya rataya labule a jikin bango, ya tura kansa cikin baƙin ƙyalle ya daidaita mutum, sannan ya cire murfin gaba, ya ɗan jira, ya mayar. A ɗan jiran nan in ka motsa, fuskarka ta zama hayaƙi, an yi asarar takarda. Babba zai iya daurewa. Jariri fa? Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Abin da ya fi koya mini ba ɗauka ba ne, kallo ne. In an kawo tsohon hoton yaro, sai ya aza mini a tafin hannu ya ce, "Lawal, me ka gani?" In ce na ga yaro. Ya ce, "Ai ko akuya ta ga yaro. Sake dubawa." A haka na gane cewa takalmin da ya fi ƙafa girma na shago ne, ana ajiye shi don yaran da aka kawo ba takalmi. Agogon da ya zamo har gwiwar hannu na uba ne, ko na mai hoton. Rigar da sawun ninki yake kwance a ƙirjinta ɗinkin sallah ce, ranar aka fara saka ta. Yaron da ya ƙame ya zaro ido, an ce masa in ya motsa zai sha bulala. Wanda kwalli ya zubo masa a kumatu, kuka ya gama yi. Iyaye ba za su zauna su faɗa maka rashinsu ko gatan da suka so yi wa ɗansu ba, amma duk yana nan a jikin takardar in ka iya kallo.

Bayan rasuwarsa na dawo gida Ikara na buɗe nawa, har zamani ya kawo mu inda muke, a kawo tsohon hoto a saka a na'ura a kwafe shi cikin kwamfuta, a gyara, a ƙara masa girma. Shekarun baya kaɗan, lokacin girbin masara, wani dattijo ya tsayar da babur a ƙofar nan ya yi sallama. Muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki da gajiya, na tambaye shi hanya. Ya ce sunansa Haruna, malamin gona ne da ya yi ritaya, yana zaune a Kudan amma asalinsa mutumin Gubuchi ne. Ya ce a Makarfi ya fara neman shagon Malam Garba, aka ce masa yaron Malam Garba yana Ikara. Na ce ga yaron nan da furfurarsa. Ya yi dariya, ya zaro ambulan daga aljihun gaba.

Hoton bai fi tafin hannu ba, ya yi ruwan ƙasa, gefe ɗaya ya kakkarye. A bayansa ga hatimin maigidana, ina ganinsa na ji kewar tsohon ta taso mini. Jariri ne wanda ya fara zama, ƙato da shi tubarkalla, da laya a wuya da 'yar hula, an aza shi a kan wani abu da aka lulluɓe da zanen saƙi tun daga sama har ƙasa.

"Ni ne nan," in ji Malam Haruna. "Shi kaɗai ne hotona na ƙuruciya. Yarana suka matsa a ƙara masa girma a kafa a falo. Amma ina so ka cire wannan tsummar kujerar ta baya, ka sa mini fili mai kyau irin na yanzu. Ga kuma wani ɗan datti nan a gefen cikina, shi ma a goge."

Na karɓa na kai bakin ƙofa wajen haske. Tun a nan na san abin da nake kallo, amma na kama bakina, don aikin nan ba ya son gaggawar magana. Na kwafe shi, na buɗe a kwamfuta, na jawo masa kujera kusa da ni.

Na ce, "Malam, wa ya ce maka kujera ce?"

Ya ce, "To in ba kujera ba mece ce?"

Na nuna masa da bakin biro. Na ce ya dubi saman zanen, yadda ya yi tudu a tsakiya ya gangaro gefe biyu. Kujera ba ta da kai da kafaɗu. Na ce ya dubi ƙasa, inda zanen ya yi tudu biyu a ƙarƙashin jaririn, gwiwoyi ne. Sannan na jawo ɗan dattin nasa na ƙara masa girma har ya cika gilashin. Yatsu ne uku, sun leƙo ta bakin zane sun dafe cikin jaririn, lalle ya kama su ya yi baƙi.

Na yi masa bayani yadda Malam Garba ya yi mini. Jariri ba ya zama shiru sai a jikin wanda ya saba da shi, matan aure kuma a lokacin ba kowacce ake bari, ko take yarda, fuskarta ta fito a hoto ba. Sai a zaunar da mace a kan benci ko kifaffen turmi, a lulluɓe ta ruf, a aza mata yaron a cinya ta riƙe shi ta ciki. In hoto ya fito, kowa ya ga yaro a kan kujera.

"Ikon Allah!" in ji shi, yana murmushi yana girgiza kai. "Shekara da shekaru ina kallon hoton nan. To ai Gwaggo ce. Gwaggo Hansatu, ƙanwar mahaifina. Ita ta riƙe ni a Kudan tun da aka yaye ni, ita ce ma ta ba ni hoton kafin ta rasu."

Na ce yana yiwuwa. Ya gyara tabarau ya matso da fuskarsa kusa da gilashin. Ina kallon murmushin yana barin fuskarsa a hankali. Ya ce in ƙara girman, na ƙara. Ƙaramin yatsan ya lanƙwashe a gaɓar ƙarshe kamar ƙugiya.

Ya kai hannu ya taɓa gilashin. Can ya ce, "Gwaggo ba ta da yatsa haka. Wannan hannun Yaya ne."

Na ce wace Yayar? Ya ce mahaifiyarsa. Taɓarya ce ta murƙushe mata yatsan tun tana yarinya.

Kun san kunyar ɗan fari, amma wadda kuka sani wasan yara ce. Yanzu uwa ce da kanta ke kawo ɗan farinta nan tana ce mana a ɗauke su tare ta tura wa ƙawaye. A ƙauyukanmu a wancan zamanin, mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, ba ta yi masa wasa, ko nono ne sai an watse an bar ta, ko an yi mata faɗa. Ana yaye shi dangin uba su ɗauke abinsu. Malam Haruna ɗan fari ne. Shi ya sa ya tashi yana kiranta Yaya, yadda ya ji ƙannenta suna kira, alhali sauran 'ya'yanta Inna suke ce mata.

Ban tambaye shi ba, shi ya fara magana, idonsa a kan yatsun. Ya ce ya san al'ada ce, ba yaro ba ne shi, ya yi karatu ya zaga gari. Amma sanin kai daban, abin da ke cin zuciya daban. Ya ce in ya zo Gubuchi hutun makaranta, zai tarar ta ɗora autarta Rakiya a cinya tana yi mata kitso tana tsokanarta, shi kuwa in ya durƙusa ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon murhu. In za ta ba shi abinci sai ta ce, "A miƙa wa wancan." Ya girma ya gina mata ɗaki, yana kai mata hatsi da sutura, amma gaisuwarsu ba ta wuce tsawon shan ruwa. "Malam Lawal," ya ce, "wallahi ni a iya sanina, hannun matar nan bai taɓa sauka a jikina ba."

Na ce, "Tana raye?"

Ya ce tana nan a Gubuchi, Rakiya ke kula da ita, ta tsufa ƙwarai, ido ma ya yi rauni.

Na ce, "To ni dai ba zan goge wannan ba. In ka matsa, ga shaguna nan birjik, kafin ka gama shan shayi sun share maka shi tas. Amma ba da hannuna ba." Ya ce a'a, a bar shi yadda yake. Na gyara karayar gefen kawai, na wanke masa babba. Da zai hau babur na ce, "Ka kai mata ta gani." Ya ce, "Da wane bakin zan fara?" Na ce ya miƙa hoton kawai, shi zai fara masa.

Bayan an gama girbi ya dawo, wai firam ɗin saka hoto ya zo nema. Ina ganin yadda ya zube a benci na san ba firam ya kawo shi ba. Ya ce ya je. Ya same ta a tabarma a ƙofar ɗaki, Rakiya tana tankaɗe a gefe, matan gida da jikoki suna ta kai-kawo. Ya gaishe ta, ya miƙa hoton ya ce, "Yaya, dubi abin da mai hoto ya gano. Ashe mutum ne a cikin zanen nan." Ta karɓa ta kai daf da idonta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙo masa ba tare da ta dube shi ba, ta ce, "Kujera ce." Ya ce, "Yaya, ga yatsu nan fa." Ta ja hannunta ta cusa cikin mayafi ta ce, "Na ce maka kujera ce. Rakiya, a kawo wa baƙo ruwa."

"Baƙo, Malam Lawal," in ji shi. "Da furfurata, da jikokina, baƙo." Ya ce ko ruwan bai tsaya sha ba, ya ajiye hoton a bakin tabarma ya hau babur.

Raina ya ɓaci, har na ɗaga wa dattijon da ya girme ni murya. Na ce, "Haba Malam! A tsakar gida? A gaban matan 'ya'yanta da jikoki? Matar da ta lulluɓe kanta ruf don kada a gan ta riƙe da kai, ita ce za ta amsa maka a bainar jama'a? Ka koma ka same ta ita kaɗai a ɗaki, ka zauna, ko ba ta ce komai ba kai dai ka zauna." Ya ce ya ji, zai koma, amma sai zuciyarsa ta ɗan huce. Ya ce bayan sallah. Na so in ƙara matsa masa, sai na ga uwa tasa ce, ni kuwa mai hoto ne kawai. Na ce Allah ya kai mu.

Ba ta kai sallar ba. Sanyi na shigowa ta kwanta, ba a daɗe ba Allah ya karɓi abarsa. A bakin wani direban Makarfi na ji, na rufe shago na tafi Gubuchi gaisuwa. Na same shi a rumfar ƙofar gida cikin masu zaman makoki. Bayan an yi addu'a an shafa, ya kama hannuna ya ja ni zaure, ya aika a kira Rakiya. Ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa, mace ce mai manyan 'ya'ya, idanunta sun kumbura. Ya ce, "Rakiya, wannan shi ne mai hoton. Faɗa masa abin da kika faɗa mini."

Ta ce ranar da Malam ya tafi cikin fushi, Inna ba ta ci tuwo ba. Da tsakar gida ta yi sauƙin mutane ta ce a miƙo mata hoton, ta tura shi ƙarƙashin matashinta. Washegari Rakiya tana shafa mata man zafi a ƙafa, su biyu a ɗaki, sai tsohuwar ta fara ba da labari da kanta, ba wanda ya tambaye ta.

Ranar kasuwar Makarfi ce. Gwaggo Hansatu ta ce za a kai yaro hoto, aka tafi da Inna don ta ba shi nono a hanya, tana biye a baya kamar ba ta san su ba. A wajen mai hoto Gwaggo ta lulluɓa ta riƙe shi, yaro ya ce bai san zancen ba, ya yi ta tsala ihu yana banƙarewa har aka ɓata takarda. Mai hoton ya fusata ya ce, "Ina uwar yaron nan? In ba ita ba, ku kwashe ku ba ni wuri." Gwaggo ta ce ai ɗan fari ne. Ya ce, "To don me aka yi zane?" Ina jin haka na san maigidana ne, haka bakinsa yake. Aka zaunar da ita, aka lulluɓe ta da zanenta, aka aza mata shi. Nan take ya yi tsit.

"Ta ce a cikin zanen nan duhu ne, ba mai ganinta," in ji Rakiya. "Sai ta manna fuskarta a bayansa ta cikin zanen tana shaƙar ƙamshinsa, ta kira sunansa a hankali. Ta ce tun da ta haife shi, ranar ce kaɗai sunan nan ya fita daga bakinta. Har ta ce da ma mai hoton ya ƙara ɓata wata takardar."

Rakiya ta share hawaye da bakin mayafi ta ci gaba. "Na ce, Inna, to me ya hana ki faɗa masa? Ta ce, ke ma dai, a gaban yaran nan? Na ce bari in kira shi a waya, ta ce kada in kuskura, ai zai dawo da ƙafarsa. Ta ce in ya dawo in kore yara daga ɗakin in ja ƙofa. Daga ranar, duk sanda ta ji ƙarar babur a waje sai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce in leƙa."

Malam Haruna ya juya fuskarsa ga bango. Ban taɓa ganin dattijo yana kuka irin wannan ba, babu sauti, kafaɗunsa kawai ke rawa. Na ce Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta. A hanyar dawowa na yi ta cizon yatsa. Gubuchi ba nisa ba ce. Da ranar da ya zo neman firam ɗin nan na rufe shago na ce hau mu je, da wataƙila ya ji sunansa a bakinta ko sau ɗaya. Wannan takaicin har yau yana nan, kuma na san nasa ya ninka nawa.

Bayan an yi arba'in ya sake zuwa. Ya rame. Ya zauna a kujerar nan da kake kai, Sadiku, ya ce in buɗe masa hoton. Na buɗe. Ya nuna yatsun ya ce, "Ranar farko na ce ka goge su ka bar ni. Yau ni za ka cire, ka bar mini su." Na yanke masa yatsun nan uku da ɗan bakin zanen, na wanke a 'yar ƙaramar takarda daidai aljihu, na rufe ta da leda don kada gumi ya ɓata ta. Ya daɗe yana kallo, ya saka a aljihun gaba na ƙirji, ya yi mini godiya ya fita.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba sa faɗin abin da ke ransu, musamman na da. Wani sai ya mutu da maganarsa a ciki. Ɗan abin da ya kuɓuce musu, yatsa ne, gefen zane ne, takalmin aro ne, shi ne ke maƙale a tsofaffin hotunan nan, kuma shi ne mai hoto ke fara kira datti. Sau da yawa shi kansa mai kawo hoton bai san abin da ya kawo ba, zai ce ka goge, kai kuma ka danna sau biyu ka sa masa furanni da labulen otal. Ni kan tuna shaguna nawa ake wannan aikin kullum, in ji ba daɗi. Don haka a shagon nan doka ce: ba a goge komai a tsohon hoton yaro sai an ƙara masa girma an duba kusurwa-kusurwa, an kuma nuna wa mai shi ya gani da idonsa.

Yanzu tashi, Sadiku, ɗauko hoton da Hajiyar nan ta Janfalan ta kawo jiya, wanda ka share wa baya ka sa masa furanni. Allah ya taimake ka na asalin yana cikin durowa. Kawo shi nan bakin ƙofa wajen haske. Dubi can ƙasa, inda zanen ya taɓa tabarma, kusa da ƙafar yarinyar. Me ka gani? Kada ka ce mini yarinya.